Ɓaunar Baƙo, Ankwar Baba

Laraba, da hantsi, a shago

Kai da ka buɗe littafin nan ba da izinina ba, tsaya in tambaye ka: ka san yadda mutum yake samun lasisin kashe dabba a ƙasar da ba a haifi ko kakansa ba? Ba ka sani ba? Zauna in koya maka, kyauta. Ni ne mai fotokwafi a shagon da ke kallon ofishin kula da namun daji. Duk takardar da za ta shiga ƙofar can sai ta fara kwanciya a kan gilashina. Makaranta ta sallame ni da wuri, amma inji bai taɓa hana ni karanta abin da nake ɗora masa ba.

Ga yadda ake yi. Baƙo yana zaune a ƙasarsu, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya zaɓi dabbarsa a waya kamar mai zaɓen takalmi. Kamfanin farauta ya aika masa takardar gayyata. Shi kuma ya turo hoton fasfo, da shaidar cewa bindigar tasa ce a can gida, da lambar da ke jikinta, da yawan harsasan da zai shigo da su. Dillalin kamfanin, wanda muke kira Ɗan Sauri, ya kwaso ya kawo mini in buga, ya tsallaka titi. Hatimi a ƙasa, hatimi a saman bene. Ranar da jirgi ya sauka, izinin shigo da bindiga yana jiran sa wurin 'yan kwastan, lasisin kuma yana cikin mota tare da ruwan sanyi. A jikin lasisin an rubuta abin da zai kashe: ɓauna ɗaya, gada kaza, mugun dawa kaza. Babu mai tambayarsa ko ya taɓa ganin kashin ɓauna, balle sawunta. Sharaɗi ɗaya ne: kada ya shiga daji sai da jagoran kamfani da mai bin sawu.

Mai bin sawun ubana ne.

Yau yana kwance a asibiti, cinyar hagu a farke, ƙafar dama ɗaure da ankwa a jikin gado. Sun ce ɓarawon daji ne. In ba a samu wanda zai faɗi gaskiya ba, daga gadon nan sai gidan yari.

Alhamis, bayan la'asar, asibiti

Dogon ɗaki, gadaje a jere, fanka ɗaya mai juyawa kamar an yi mata dole. Ɗan sandan da aka sa gadin Baba ya cinye rabin abincin da Inna ta kawo, ya kuma ce gishiri bai ji ba. Gadin me yake yi? Mutumin da ko juyawa ba ya iya yi sai an taya shi. Nas ta ce ƙaho ba wuƙa ba ne, yana shiga da ƙasa da ƙazanta, don haka ba za a ɗinke ba tukuna, sai dai a yi ta wankewa. Lokacin wankin Baba ba ya ko uhm. Inna ce take fita waje.

Da ya buɗe ido ya gan ni, sai ya yi murmushi. Malam Takarda yake ce mini, tun lokacin da nake tsintar jaridun da aka ƙulle kaya da su ina karantawa.

“Malam Takarda, an kai wa baƙon ƙahonsa?”

Na buɗe baki. Inna ta taka mini ƙafa. Na rufe.

Ƙahonsa. Mutum yana kwance da rami a cinya wanda hannuna zai shige, damuwarsa ko an kai wa baƙo ƙahonsa.

Juma'a, da azahar

Ya zo gida. Na ji takun takalminsa a ƙofa, na fita ta baya. Ba zan rubuta shi a nan ba. Inna dama ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Yanzu mun zama mu biyu.

Asabar, da safe, asibiti

Ɗan sanda ya fita shan taba, Baba ya ba ni labarin tiryan-tiryan. Ina rubutawa ne don kada wata rana su sa ni ma in fara shakka.

Baƙon wani ƙato ne mai gemu ja-ja. Tun daga hoton fasfonsa na raɗa masa Gemun Masara. Baba ya kai su har kan garken ɓauna da sassafe, ya nuna tsohuwar da ta ware gefe. Gemun Masara ya harba. Ɓauna ta zabura ta shige duhuwa. Baba ya je inda ta tsaya ya durƙusa, ya ga jini a kan ganye, baƙi-baƙi, da ɓurɓushin ɗanyar ciyawa a ciki. Ya ce ko makaho ya shinshina ya san harsashi ya shiga tumbi. Ya kira jagora ya nuna masa. Jagora ya duba, ya waiga ya dubi baƙo, ya sa takalmi ya murje ganyen cikin ƙasa. Ya ce an kuskure.

Ni na san dalili, don na karanta dokar, tana da shafi fiye da yadda take da kunya. Dabbar da ka yi wa rauni, ka samu ko ba ka samu ba, an cire ta daga lasisinka. Ɓauna ɗaya aka rubuta wa Gemun Masara. In an yarda ya same ta, farautarsa ta ƙare ke nan, ya koma gida babu ƙahon da zai rataye a falo. In kuwa an kuskure, lasisi yana nan sabo fil. Washegari suka sake fita, ya harbi wata, ta faɗi, aka yi hotuna.

Baba bai iya barci ba. Ya ce ɓauna mai raunin tumbi ba ta mutuwa da wuri, ƙishi ne yake kora ta ruwa, ta laɓe a bakin mashaya, duk abin da ya gifta ta taka shi. Mashayar da ta nufa kuwa nan mutanen ƙauyen gefen gandun dajin suke wanki da ɗiban ruwa. Ya gaya wa jagora. Ya gaya wa manajan kamfani. Manaja ya ce an ɗauke shi bin sawu ne, ba wa'azi ba.

Sai ya dawo gida ya sauko da bindigarsa daga saman rufi, ƙirar maƙeri, wadda ta girme ni. Ya bi jinin da aka ce babu shi. Ya same ta a cikin ciyawar bakin ruwa, ana jiyo muryoyin masu wanki daga inda take kwance. Harbi ɗaya bindigar take yi kafin a sake ɗura ta. Ya harba, ta taso, ta kai masa ƙaho, ta faɗi a kansa.

Zuwa nan ba ni da ta cewa. Abin da ya biyo baya ne yake hana ni cin abinci. Wasu masunta da ke kusa suka janye shi daga ƙarƙashinta. Suka ce za su ɗauke shi a kwalekwale, su yanke naman su raba, kafin gari ya waye ko ƙashi ba za a gani ba. Baba ya ce a'a. Ya ce tun da aka fara farauta a duniya, nama na wanda ya fara fitar da jini ne, mai ƙarasawa taya shi kawai ya yi. Ya roƙi ɗaya daga cikinsu ya hau keke ya je sansanin kamfani ya ce: a gaya wa baƙo namansa ya faɗi, ya zo ya ɗauki ƙahonsa.

Da bakinsa ya aika. Da bakinsa.

Manaja ya ji saƙo, ya lissafa: ɓauna biyu, lasisi ɗaya, za a ƙwace wa kamfani izini. Bai aika da motar sansani ba. Ya kira masu gadin gandu ya ce an kama ɓarawo.

Na ce, “Baba, me ya sa ba ka bari masunta sun raba ba?”

Ya dube ni kamar na zage shi. “In ci naman wani? Ashe da na zama abin da suke kira na.”

Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya, a shago

Ɗan Sauri ya shigo da fara'arsa ta mai sayar da maganin ɓera. Takardun fitar da ƙaho da fata zuwa ƙasar waje, na Gemun Masara. Har da shaidar likitan dabbobi cewa ƙahon lafiyarsa ƙalau. Ƙaho yana da likita. Na ɗora, na danna, haske ya wuce, na ɗora, na danna. Uwar ɗakina, mai shagon, tana zaune a bayan tebur tana kallon hannuna, ba fuskata ba. Da ya fita ta ce ta san abin da ke cina, amma rabin cinikin shagon nan daga kamfanin yake, in riƙe harshena kamar yadda nake riƙe takarda, da yatsa biyu.

Kada wani ya ce Baba bai nemi lasisi ba. Ya nema tun ina goye. Da na fara aiki a nan ni nake cike masa takardar da hannuna. Kullum amsa ɗaya: ba a ba da lasisin farauta sai da rajistar bindiga, ba a rajistar bindiga sai da lamba a jikinta. Maƙerin da ya ƙera ta bai san ana sa wa bindiga lamba ba, ya kuma mutu. Wani akawu ya taɓa ce wa Baba ya sayi irin ta baƙi. Baba ya yi dariya ya ce in ya sayar da gida ya saye ta, a ina zai rataye ta?

To ga ƙasarmu. Wanda ya san kowace mashaya da sunan da kakansa ya sa mata, ba shi da lamba. Wanda ya sauka daga jirgi jiya, lambarsa tana riga shi isowa.

Talata, da yamma

Inji ya cinye takarda har sau uku. Na fahimce shi.

Alhamis, da hantsi, ofishin lauya

Lauyan da gwamnati take ba talaka. Yaro ne bai fi ni da yawa ba, kwat ɗinsa ta yi masa yawa a kafaɗa. Bai yi mini ƙarya ba, wannan na yaba masa. Ya ce dokar ta yarda mutum ya ƙarasa dabba mai rauni in tana barazana ga rayuka, ko da ba shi da lasisi. In an tabbatar akwai rauni kafin harbin Baba, abin da zai rage laifin bindiga ne kawai, a ja masa kunne a sallame shi. Amma rahoton masu gadin gandu ya ce da aka feɗe ta, rauni ɗaya aka gani.

Na ce masunta fa? Ya ce sun ga ƙarshe, ba su ga farko ba, kuma su ma a cikin gandu suke kamun kifi babu takarda. Wa zai kai kansa?

Na ce bindigar Baba dalma take harbawa, wadda yake narkawa a gwangwani. Harsashin baƙo kuwa mai rigar jan ƙarfe ne. In yana cikin tumbi, wanda ya feɗe ya gan shi. Lauya ya juya takardar ya nuna mini sa hannun da ke ƙasa, ya tambaye ni ko na san mai shi, tunda sunan uba ɗaya ne da nawa.

Na san sa hannun. Ni na koya masa yadda zai lanƙwasa wutsiyar, lokacin da yake neman aikin.

Juma'a, bayan azahar, a shago

Gemun Masara da kansa. Gobe zai tashi, yana son a wanke masa hoto babba ya ba manaja kyauta. Ɗan Sauri yana gaba yana share masa hanya kamar akwai ƙaya a shagon. Hoton ya fito a hankali daga inji: shi a tsugune, bindiga a kan wuyan ɓauna ta biyu, haƙora a waje. Can gefe, rabin jiki a ciki rabi a waje, Baba ne. Ba ya kallon kyamara. Yana kallon wajen kogi.

Baƙon ya ɗora yatsa a kan Baba ya tambayi Ɗan Sauri ina tsohon nan yake, bai gan shi ba kwana biyu. Ɗan Sauri ya ce yana hutawa.

Yarensu a takarda na koye shi, ban taɓa magana da shi da mai shi ba. Ya fito mini a karye, amma ya fito. Na ce tsohon nan ubana ne, ba hutawa yake ba, ɗaure yake. Na ce harbinka na farko bai kuskure ba. Na ce ya aika maka ka zo ka ɗauki ƙahonka.

Wallahi na ga ya gane. Wuyansa ya yi ja har ya fi gemun. Na ɗauka mutum zai fito daga cikin rigar nan. Sai ya zuge jakar da ke ɗaure a ƙugunsa, ya zaro lasisin, ya buɗe mini a kan gilashina. Ya ce jagora ne ya ce an kuskure, shi baƙo ne, bai san daji ba. Ya ce takardunsa cikakku ne.

Na ce na sani, ni na buga su.

Uwar ɗakina ta ce in je gida in huta sai ta neme ni. Ga ni ina hutawa, ni ma, irin hutun gidanmu.

Lahadi, da la'asar

To, zan rubuta shi. Yaya. Ɗan farin Baba, mai kakin gandu, wanda ya jagoranci motar da ta je bakin kogi.

Na same shi a gidajen ma'aikata, yana gyara famfo a tsakar gida. Matarsa ta kawo mini ruwa, cikinta ya tsufa har ba ta iya sunkuyawa. Ta gaishe ni, “Ƙanina, ka yi wuyar gani,” ta koma ɗaki ta ja labule. Ta san abin da ya kawo ni.

Na tambaye shi rauni nawa ya gani. Ya ci gaba da murɗa famfo. Na ce kunnensa ne ya toshe ko kakin ne ya hau har kan bakinsa? Na faɗi wasu abubuwan da ko a nan ba zan maimaita ba. Ya bar ni na gama.

Sannan ya ce in da bai je ba wani zai je, kuma da a bayan mota za a jefa Baba kamar buhu. Ya ce shi ya yaga rigarsa ya ɗaure cinyar, shi ya riƙe kan Baba a cinyarsa har asibiti. Ya ce rahoton a buge aka kawo masa, shugaban gandu yana tsaye a kansa, manaja yana zaune a kujerar baƙi yana shan shayi. Ya ce wanda ya sa hannu a rahoton ƙarya, in ya dawo ya ce ƙarya ce, ba aiki kaɗai zai rasa ba, shi ma ciki zai shiga. Ya nuna labulen da haɓa.

“Auta, kai baki gare ka, ni iyali gare ni.”

“Uba fa? Shi ba ka da shi?”

Famfon ya ɓalle, ruwa ya feshe mu duka biyu. Babu wanda ya yi dariya. Da a da ne.

Talata, da safe

Cinyar ta fara wari. Likita ya ce za su ƙara yanke naman da ya mutu. Inna ta daina tambayata komai, sai dai ta ajiye abinci kwano biyu kamar da, nawa da na Baba, ɗaya ya kwana a rufe.

Laraba, da yamma

Jirgin Gemun Masara ya daɗe da sauka. Yanzu haka wataƙila yana auna bango.

Asabar, bayan azahar, asibiti

Ina zaune ina yi wa Baba fifita sai ga Yaya, ba kaki. Ya ba ɗan sanda lemo ya ce ya je ya sha iska. Ya durƙusa ya gaishe da Baba, bai dube ni ba. Ya fito da kwalin ashana daga aljihu ya sa a tafin Baba, ya rufe masa yatsu a kai.

Baba ya buɗe. Harsashi ne, kansa ya baje kamar furen kabewa, jan ƙarfen yana ƙyalli ta gefe. Yaya ya ce a cikin tumbi ya same shi, ya sa a aljihu kafin kowa ya gani, shi ma bai san dalili ba.

Na miƙe ina laluben lambar lauya. Baba kuwa juya harsashin yake yi a haske, yana murmushi irin wanda ban gani ba tun da aka kawo shi. Ya ce kwanakin nan da yake kwance, abin da ya fi cinyar ciwo shi ne tunanin ko tsufa ne ya sa ya ga jini inda babu. Ya ce ashe idonsa yana nan. Ya ce alhamdu lillahi.

Na ce Baba, wannan ne mabuɗin ankwar nan. Ya tambayi Yaya, in an kai wannan gaban alƙali, wa za a fara tambaya daga ina ya fito? Yaya ya sunkuyar da kai.

Baba ya mayar da harsashin cikin kwali. “Malam Takarda, zauna. Tun da na fara riƙe bindiga ban taɓa harbin mai ciki ba. Ba zan fara daga kan gado ba.”

Na ce manaja fa, jagora fa, su ba su da ciki. Ya ce harsashi ba ya zaɓen wanda zai fara ratsawa, wanda ke gaba shi yake samu, kuma ɗansa ne a gaba. Ya miƙo mini kwalin. Ya ce ajiya ce ya ba ni, ba makami ba, kuma in na fito da shi gaban hukuma bai yafe ba.

Bai taɓa ce mini bai yafe ba. Ko ranar da na bar makaranta.

Yaya ya yi kuka. Ni ban yi ba. Wani ya samu kuka, wani ya samu kwalin ashana.

Litinin, da azahar

Na karanta dokar daga farko har ƙarshe, karo na ban san nawa ba. Babu inda aka rubuta kalmar uba.

Alhamis, da yamma, bayan kotu

An kawo shi da sandar guragu. Ƙafar ta tsira, amma ta sandare, likita ya ce shi da bin sawu sai dai a labari. Bindigar tana kan tebur da takarda a ɗaure a wuyanta. Yau dai ta samu lamba.

Alƙali ya tambaye shi ko ya harbi ɓauna a cikin gandu. Ya ce ya harba. Ko yana da lasisi. Ya ce ba shi da shi. Ko yana da abin cewa. Lauya ya dube ni, ni na dubi Baba, kwalin yana aljihuna yana ƙona mini cinya. Baba ya ce abu ɗaya ne: naman ba nasa ba ne, kuma bai ci ko tsoka ba. Wasu suka yi dariya a baya. Mai gabatar da ƙara ya ce ai duk ɓarawo haka yake cewa.

Shekara ɗaya, saboda tsufansa, in ji alƙali, kamar wanda ya yi mana kyauta. Bindigar kuma a sare ta.

Manaja bai zo ba. Jagora bai zo ba. Yaya yana bakin ƙofa cikin kaki, ya ƙame, yana kallon bango. Da za a shigar da Baba mota sandar ta zame, su biyu suka tare shi, ɗan sanda da Yaya. Na ji Baba yana tambayarsa ya jikin mai ɗakinsa.

Juma'a

Inna ta ajiye kwano ɗaya.

Lahadi, da safe

Matar Yaya ta haihu. Namiji. Sun ce sunan Baba za a sa masa. Sunan dai yana da sauƙin bayarwa.

Laraba, da hantsi, a ɗakinmu

Uwar ɗakina ta neme ni, aiki ya yi yawa. Sabuwar kakar farauta za ta buɗe. Fasfo a kan fasfo, gemu iri-iri. Na buga sanarwa: ranar Litinin za a kafa rumfa a gaban ofishi, Daraktan namun daji zai yi jawabin maraba da baƙi, ya bayyana yadda aka ƙara sauƙaƙa musu samun lasisi. Za a sa lasifika, 'yan jarida za su zo, masu gadin gandu za su yi fareti. A ƙarshe, in ji takardar, za a ba jama'a damar tambaya.

Yanzu bari in koma kanka, kai mai karatu.

Littafin nan a saman silin nake ajiye shi, bayan allon da ya ɓalle a kusurwar taga. Mutum biyu ne a duniya suka san wurin, don mu biyu muka ɓalle allon muna yara, muna ɓoye danƙon harbin tsuntsu kada Baba ya gani. Ni kullum bakin littafin bango yake kallo. Sau da yawa ina dawowa in tarar yana kallon taga. A shafin ranar famfo akwai tabon yatsa, na man bindiga. Tun shafin farko na san da wa nake magana, Yaya. Kana zuwa gaishe da Inna, ka shigo nan ka karanta yadda ƙaninka yake zaginka, ka mayar, ka tafi. Ban sani ba ko hukunci kake nema ko gafara. Ba ni da ko ɗaya.

Kwalin yana nan kusa da littafin, ka gan shi, ba ka taɓa ba. Ba zan fito da shi ba. Baba ya ɗaure mini hannu, kuma na fi jin tsoron bakinsa a kan na alƙali. Amma bai ɗaure mini harshe ba, kai ma shaida ne, ajiya ya ce, bai ce shiru ba.

Ranar Litinin zan tsaya a layin masu tambaya da rigata mai tabon tawada. Zan karɓi lasifika. Ba zan ambaci sunanka ba, ba zan ko dube ka ba. Zan ce: Darakta, ɓaunar da aka ɗaure tsoho a kanta, rauni nawa ne a jikinta? Zai ce bai feɗe da hannunsa ba. Manaja zai duba agogo. Sai wurin ya yi tsit, kuma a duk filin nan mutum ɗaya ne ya sa hannu a cikin tumbin.

Na san abin da ke bayan labule. Na ɗauki jaririn jiya, yana da goshin Baba. Wata rana zai tambaye ka me mai sunansa ya yi aka ɗaure shi, kuma ba ni zan amsa masa ba.

Ba na son amsarka a gefen shafin nan. Ba na son ta a tsakar gida, ko a kunnen Inna, ko a cikin kwalin ashana. Ka yi ta raɗa, ta ishe ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gaban rumfa, a gaban baƙin, a gaban masu hatimi, da kakin a jikinka, da muryar da Baba ya ba ka: rauni nawa ka gani, Yaya?